Keken burji a Yankin Tafkunan Ingila: Tsofaffin hanyoyin da doka ta hana su mutuwa

A arewa maso yammacin Ingila, cikin lardin Cumbria, akwai wata ƙasa ta tsaunuka da kwaruruka da ake kira Yankin Tafkuna. Faɗinta murabba'in kilomita 2,362, wato kusan sulusin Babban Birnin Tarayya da kewayensa. Mazaunanta ba su fi mutum 40,000 da 'yan kai ba, amma baƙin da ke ziyartarta a shekara sukan doshi miliyan 18, kuma mafi yawansu a mota suke zuwa. A 'yan shekarun nan an samu ƙaruwar wasu baƙin na daban, waɗanda ke ajiye mota, su kauce wa kwalta, su hau keke su bi hanyoyin tsakuwa da suka ratsa dazuzzuka da gefen tafkuna da bayan duwatsu.

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da aka yi domin mai keke. Wata sojojin daular Rum ne suka share ta, wata fatake ne masu dawakan kaya suka taka ta har ta fito, wata ta masu fasa dutse ce, wata kuma ta masu kai gawa makwanci. Yawancinsu sun ratsa filayen da ke da masu su. Duk da haka, baƙon da bai taɓa sanin mai fili ba yana da ikon buɗe ƙyaure ya wuce, ba tare da neman izini ko biyan ko sisi ba. Yadda hakan ya yiwu, da wanda ke ɗaukar nauyin gyara idan hanya ta zaizaye, su ne ainihin labarin hawan keke a wannan yanki.

Keken da ya tsaya a tsakiya

Keken burji ya ɗauko siffar keken tsere na kan kwalta, mai lanƙwasasshen kai da rashin nauyi, sai aka ba shi ƙafafun da za su iya da ƙasa. Tayar keken tsere takan kai faɗin milimita 25 zuwa 30, ta keken burji kuwa daga 38 har zuwa 50, tana da ƙananan haƙora masu kama tsakuwa. Mahaya da yawa ba sa sanya tif a ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ke toshe huda da kansa idan ƙaya ta shiga. Birkinsa na faifai ne, wanda laka da ruwa ba sa hana shi kamawa, kuma an sassauta giyarsa domin hawan tudu da kaya a ɗaure.

Sunan da kasuwar sun fito ne daga Amurka, inda jihohin tsakiyar ƙasar ke da dubban kilomitoci na hanyoyin gona marasa kwalta. Tseren da ya fi suna a fagen an fara shi a garin Emporia na jihar Kansas a 2006, kuma sai a 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a lardin Veneto na Italiya. Sai dai Ingilawa na da hujjar cewa sun riga kowa: tun 1955 suka kafa ƙungiyar Rough Stuff Fellowship, ta mahaya masu tura kekunan yawo na yau da kullum su haye duwatsu da su, tun kafin masana'antu su san akwai ciniki a wurin.

Daga bakin Windermere

Sabon shiga yakan fara ne daga Windermere, tafki mafi girma a Ingila cikin waɗanda ba mutum ne ya haƙa su ba, mai tsawon kusan kilomita 17. Wani jirgin fito da ke bin igiyar ƙarfe yana tsallakar da motoci da kekuna daga gabas zuwa yamma cikin 'yan mintoci. Da an sauka, hayaniyar garin Bowness ta koma baya, sai hanyar tsakuwa mai kusan kilomita 6 da ke bin gaɓar ruwa a ƙarƙashin inuwar itatuwa har zuwa Wray, wani katafaren gida mai siffar fadar mayaƙa da wani likita ya gina a 1840.

A gidan ne iyalan Beatrix Potter, marubuciyar littattafan yara, suka yi hutu a 1882 tana da shekara 16, kuma a nan ta sadu da limamin cocin ƙauyen, Hardwicke Rawnsley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa gidauniyar adana kayan tarihi da filaye ta National Trust a 1895. Da ta samu kuɗi daga littattafanta, sai ta shiga sayen gonaki don kada masu gine-gine su yanka su. Ta rasu a 1943, ta bar wa gidauniyar fiye da eka 4,000. Gaɓar da mai keke ke bi a yau ba tare da ya ci karo da katangar wani attajiri ba, tana cikin filayen da gidauniyar ke riƙe da su.

Daga nan hanya takan haura tudun Claife, ta gangara ƙauyen Hawkshead, ta shiga dajin Grizedale, inda faffaɗan hanyoyin motocin katako suka zama filin atisaye. Wanda ya ƙara gaba zuwa kwarin Langdale zai hango wani tsauni mai tsini, Pike o' Stickle. A ƙarƙashin ƙololuwarsa mutanen zamanin dutse suka riƙa fasa wani koren dutse mai tauri suna sassaƙa gatura, kusan shekara 6,000 da suka wuce. An tsinci gaturan Langdale a sassa masu nisa na Birtaniya har da tsibirin Ireland, abin da ke nuna cewa fatauci ya riga rubutu ratsa waɗannan kwaruruka.

Duwatsun Castlerigg da layin dogon da ambaliya ta cinye

A arewacin yankin, kilomita biyu da rabi gabas da garin Keswick, akwai wani fili a kan tudu wanda tsaunuka suka yi wa ƙawanya. A tsakiyarsa duwatsu kusan 40 ne ke tsaye a da'ira, faɗinta kimanin mita 30. Masana na ganin an kafa su wajen shekara 5,000 da suka shige, wanda ya sa Castlerigg ke cikin irin waɗannan da'irori mafi tsufa a Birtaniya. Tun 1883 hukuma ta sa wurin cikin kulawarta, a sahun farko na kufan da doka ta kare, sannan a 1913 Rawnsley ya jagoranci karo-karon jama'a aka sayi filin. Babu mai gadi, babu kuɗin shiga. Mai keke yakan jingine kekensa a bakin ƙyaure ya shiga da ƙafa, sau da yawa ya tarar da tumaki na kiwo a tsakanin duwatsun.

A ƙasan tudun, cikin kwazazzabon kogin Greta, tsohon layin dogo ne da aka rufe a 1972, aka mayar da shi hanyar masu ƙafa da keke mai tsawon kilomita 5 zuwa ƙauyen Threlkeld. A watan Disamban 2015 guguwar da aka yi wa laƙabi da Desmond ta sauke ruwan sama milimita 341.4 cikin awa 24 a mashigin Honister, adadin da ba a taɓa aunawa ba a Birtaniya. Kogin ya cika ya batse, ya tafi da gadoji biyu na layin. Sai da aka shekara biyar cif, aka kashe fam miliyan 7.9, kafin a sake buɗe hanyar a Disamban 2020.

Gyaran bai zo salin-alin ba. Hukumar gandun ta yanke shawarar shimfiɗa kwalta a maimakon tsakuwar da aka saba, bisa dalilin cewa kwalta ta fi jure ambaliya, kuma masu keken guragu da iyaye masu tura jarirai za su samu shiga. Mazauna da dama suka ce an kawo musu birni cikin daji, har majalisar garin Keswick ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da hukumar a 2019. Kwaltar dai ta zauna. Mai neman tsakuwa ta gaske sai ya wuce Threlkeld ya kama tsohuwar hanyar keken doki da ta bi gindin tsaunin Clough Head zuwa Dockray, kusa da tafkin Ullswater, inda babu inuwa, babu mafaka, sai iska da duwatsu masu gangarowa ƙarƙashin taya.

Sawun Rumawa

Rumawa sun shigo yankin ne a ƙarshen ƙarni na ɗaya na miladiyya, suka ɗaure shi da sansanoni da hanyoyi. Ɗaya ta taso daga Ravenglass a bakin teku, inda bangon gidan wankansu ke tsaye har yau da tsayin kusan mita 4, ta bi kwarin Eskdale, ta haye duwatsu zuwa sansanin Ambleside a kan tafkin Windermere. A tsakiyar wannan hanya, a kan wata kafaɗar dutse, suka gina sansanin Hardknott a zamanin sarki Hadrian, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138. Wani rubutu da aka tono a wurin ya nuna cewa rundunar da ta zauna a nan, mai kimanin mutum 500, daga Dalmatiya aka kwaso ta, wato gaɓar tekun ƙasar Kuroshiya ta yau. Mutanen da suka tashi a ƙasar rana aka kawo su gadin mashigin da hazo da yayyafi ba sa rabuwa da shi.

Har yanzu ana ganin harsashin rumbunan hatsi da gidan kwamanda, da filin fareti da suka baje a jikin tsauni. Masu gyaran bangon a zamanin nan sun jera siraran duwatsu a layi guda don a bambance aikin Rumawa da ke ƙasa da nasu da ke sama, kada a yaudari mai kallo. Hanyar da ta wuce gefen sansanin a yau tana da kwalta, amma tana cikin mafi tsananin hawa a Ingila: a wasu kwanoni takan tashi mita 30 cikin kowace mita 100, har zuwa ƙololuwar mashigin mai tsayin mita 393. Gwanaye da yawa kan sauka a nan su tura, kuma babu mai yi wa wani dariya.

A gabashin yankin akwai wata hanyar da aka daɗe ana danganta ta da Rumawa, wadda ta bi doron tsaunin High Street, mita 828 sama da teku. Bayan zamaninsu makiyaya sun mayar da saman tsaunin dandalin haɗuwar shekara, inda ake mayar wa kowa ɓatattun tumakinsa, a yi kokawa da sukuwar dawaki, har zuwa 1835. A gindin tsaunin kuwa tafkin Haweswater ne, wanda birnin Manchester ya fara datse shi a 1929 don samun ruwan sha. Ruwa ya tashi mita 29, ya haɗiye ƙauyen Mardale Green. Kafin ƙauyen ya samu maƙabartarsa, a bayan doki ake ɗaure mamaci a haura da shi dutse zuwa garin Shap, kuma an yi haka har zuwa 1736. Da za a cika madatsar, sai aka tone kaburburan ƙauyen aka sake kai su Shap ɗin. Hanyar gawar tana nan, masu keke na saɓa kekunansu a kafaɗa su haura ta, kuma a shekarun fari katangun ƙauyen kan fito daga ruwa.

Taswirar da ta zama hujja

Abin da ya hana masu filaye toshe waɗannan hanyoyi wata tsohuwar ƙa'ida ce ta shari'ar Ingila: hanyar da ta taɓa zama ta jama'a ba ta daina zama tasu don an daina bin ta, sai dai a soke ta ta hanyar doka. Amma ƙa'ida ba ta isa ba idan babu shaida. Dokar gandayen ƙasa ta 1949, wadda a ƙarƙashinta aka ayyana Yankin Tafkuna a matsayin gandun ƙasa a 1951, ta wajabta wa ƙananan hukumomi su bi ƙauye-ƙauye su rubuta kowace hanya a taswira ta hukuma. Abin da ya shiga taswirar ya zama hujja a gaban alƙali. A cikin gandun kaɗai akwai irin waɗannan hanyoyi fiye da kilomita 3,000.

Taswirar ta kasa su aji-aji. Akwai hanyar ƙafa, wadda mai tafiya ƙasa kaɗai ke da haƙƙi a kanta. Akwai hanyar dawaki, wadda dokar 1968 ta buɗe wa masu keke da sharaɗin su kauce wa mai ƙafa da mai doki. Akwai kuma 'yan ƙalilan da ke buɗe ga kowa har da mota. A duk faɗin Ingila, abin da keke ke da ikon bi bai fi kashi ɗaya cikin biyar da ɗan ɗori ba. Dokar 2000 da ta bai wa jama'a 'yancin yawo a kan tsaunuka da filayen kiwo na gama-gari ta tsaya ne ga masu ƙafa, saɓanin maƙwabciya Scotland, inda dokar 2003 ta haɗa har da masu keke. Saboda haka a Cumbria hanya mai faɗi da kyau na iya zama haramun ga keke, wata mai tsatsauran duwatsu kuma ta halatta, domin abin da ya raba su shi ne yadda wani jami'i ya rubuta su shekara 70 da suka wuce. Ƙungiyoyin masu keke sun daɗe suna neman a sake duba rabon, manoma da wasu masu yawon ƙafa kuwa suna ganin abin da aka bayar ya isa.

Wa ke biyan kuɗin zaizaya?

Ƙauyen Seathwaite na yankin yakan samu ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, sama da ninki biyu na abin da Abuja ke samu. A ƙasa irin wannan, da zarar ƙafa ko taya ta kashe ciyawa, ruwa ya samu magudana. Masu wucewa su kauce wa laka su taka gefe, gefen ma ya mutu, har tabon ya faɗaɗa, wasu sun kai mita 30. Ƙasar da ta zaizaye kuma a tafki take ƙarewa, ta binne tsakuwar da kifi ke ƙwai a ciki.

Tun 2001 wani shirin haɗin gwiwa mai suna Fix the Fells, wanda ya haɗa hukumar gandun da National Trust da wasu ƙungiyoyi, ke ɗinke waɗannan tabo. Ma'aikata da 'yan sa-kai na jera duwatsu da hannu kamar yadda magabata suka yi, jirgi mai saukar ungulu na kai musu dutse inda mota ba ta zuwa, a wuraren dausayi kuma akan shimfiɗa ulun tumaki a ƙasa kafin a zuba tsakuwa. Yawancin kuɗin daga tallafi da gudummawa yake fitowa, domin babu harajin shiga gandun. Wanda ya ci moriyar hanya ba lallai ne shi ya biya ba, kuma wannan giɓi ne da har yau ake muhawara a kansa.

Rikici mafi zafi ya tashi ne a kan hanyoyin Tilberthwaite, kusa da Coniston, inda motocin shiga daji da babura ke bin burtalin da ya ratsa filayen da Beatrix Potter ta saya. Dubban ɗaruruwan mutane sun sa hannu a takardar neman a hana su. A 2019 hukumar gandun ta ƙi, ta zaɓi gyara da sa ido, kuma a 2020 babbar kotu ta yi watsi da ƙarar da aka shigar a kan shawarar. Masu ƙorafin sun dogara ne da wani tanadi na dokar muhalli ta 1995, wanda ya ce idan kare gandu da jin daɗin baƙi suka yi karon da ba a iya sasantawa, karewa ce ke gaba. Taƙaddamar ita ce wa zai ce karon ya kai wannan matsayi.

A tsakiyar duk wannan akwai makiyayi. Tumakin Herdwick, masu furfurar jiki da farar fuska, suna kiwo a kan tsaunukan gama-gari da ba su da shinge, kowane garke ya san iyakarsa domin tunkiya ce ke koya wa ɗanta. Idan garke ya ƙare, wannan sani ya tafi da shi, kamar yadda aka gani a annobar ciwon baki da kofato ta 2001, lokacin da aka rufe hanyoyin karkara, aka karkashe dabbobi, masu masauki da shaguna suka yi asarar da ta nuna yadda abincinsu ya rataya a kan hanya buɗaɗɗiya. Ƙyauren da baƙo ya manta bai rufe ba a lokacin haihuwar tumaki na iya jawo wa manomi wahalar yini guda. Shi ya sa ladabin hanya a nan ba ƙawa ba ne: a rage gudu, a yi sallama kafin a wuce mai doki, a bar ƙyaure yadda aka same shi, kada a ja birki har taya ta kankare ƙasa.

A 2017 hukumar UNESCO ta sanya Yankin Tafkuna cikin wuraren tarihi na duniya, a rukunin ƙasar da hannun ɗan Adam da yanayi suka haɗu suka siffanta. A wannan rukuni ne Sukur ta jihar Adamawa ta shiga tun 1999, da gonakinta na matakala da hanyoyinta da aka daɓe da dutse zuwa fadar Hidi a kan tsauni. A wuraren biyu, hanyar kanta tana cikin abin da aka ce a adana, kuma ba ta adanuwa sai ana bin ta, ana gyara ta, an kuma san a rubuce wa ke da haƙƙin taka ta. Cumbria ta yi rubutun tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya rage mata shi ne lissafin da kowace damina ke sabuntawa: baƙi miliyan 18, duwatsun da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, da asusun gyara da ke jiran gudummawar shekara mai zuwa.